Bakin Randar Fuseina

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku zauna a kan buhunan can. Ke mai farin gilashi, na ji abin da kika raɗa wa ƙawarki a bakin ƙofa, kunnena bai mutu ba. Kin ce kin ga an gina tukunya a waya cikin minti ɗaya, kuma wai in mutum ya iya cika fom a intanet shi ke nan, sai jirgi ya kwashe shi zuwa ƙasar Turawa ya je ya yi wasa da laka wata uku. Madalla da ke. Ni sunana Adiza, a nan Nyanshegu, cikin Tamale, aka yanke cibiyata, na haura shekara arba'in ina ginin tukwane, kuma wannan fom da kike faɗa sau uku na cika shi. Ga ni zaune a gabanku, ko tashar mota bai kai ni ba. Wadda ya kai tana bayan katangar nan. Malamarku, Madam Azara, ta ce in yi muku bayanin sana'a. To zan yi, amma ku sani da haushi a ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Ba jirgin ne ya dame ni ba, ni ko lilo ba na so. Yatsuna ne suka fara ƙin lanƙwasawa da safe, sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su kama yumɓu. Abin da nake so, kafin su ƙi ni gaba ɗaya, shi ne wani mutum wanda ba ɗan unguwar nan ba ya ɗaga aikina ya ce wannan na Adiza ne. Iyakar abin ke nan.

Aikin farko da Gwaggo Barira, ƙanwar babana, ta ba ni shi ne tsintar tsakuwa. Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin. Mukan haƙo yumɓu a wani rami can wajen Vittin, a zamanin da babu gida ko ɗaya a wurin sai ciyawa da shanu, mu ɗauko a ka. A shanya shi, a farfasa, a jiƙa kwana biyu, a daka tsofaffin tsingaro a turmi a zuba a ciki don kada tukunya ta fashe a wuta, sannan a hau a tattaka da ƙafa har ƙugu ya yi tsami. Ni kuma in bi shi da yatsu in fitar da duk wata tsakuwa, domin tsakuwa guda kamar ƙwayar dawa ta isa ta fasa randar da aka yi kwana biyar ana ginawa. Gwaggo ba ta duka. In ta sami tsakuwa a yumɓun da na ce na gama, sai in tarar da tsakuwar a gefen kwanon tuwona. Shekara biyu na yi a kan wannan kafin ta bari na gina ko asusu.

Kayan aikinmu duka ƙwarya ɗaya ke ɗauke su, ga ta nan ku leƙa. Sakaina ta kankare ciki, totuwar masara ta yin ado, ɗan katako na bubbuga gindi, dutsen rafi na goge jiki har ya yi sheƙi, sai wannan tsumman da kuke yamutsa fuska a kansa. Kada ku raina shi. In gobara ta tashi a gidan nan, shi zan fara ɗauka.

A shekarata ta uku aka kawo Fuseina, 'yar maƙwabtanmu Dagombawa, na girme ta da shekara biyu. Zan faɗi gaskiyarta ko da ina jin haushinta: ban taɓa ganin mai ta da cikin randa kamarta ba. Takan murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana dannawa, tana zagayawa tana surutu, kafin ki gama gindi ɗaya ita ta kai kafaɗa. Kaurin jikin randarta daidai yake tun daga ƙasa har sama. Amma baki ya gagare ta.

Baki shi ne ƙarshen gini, kuma shi ne abin da mai saye ke fara taɓawa. Babbar randa ba ta juyawa, ke ce za ki juya. Ki jiƙa tsumma, ki naɗe shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ki kama leɓen yumɓun, ki zagaya da baya-baya sau uku ba tsayawa. In kin tsaya, wurin zai nuna har abada. In kin yi gaggawa, bakin ya karkace, marfi ba zai zauna ba, sauro da ƙadangare su sami ƙofa. Na Fuseina kullum yakan fito da tudu da kwari. Gwaggo ta yi, ta yi, har ta gaji, ran nan ta ce, "Adiza, ara mata hannu."

Wannan aron hannun al'adarmu ce, ku riƙe ta don labarin a kanta yake tafiya. A wurinmu mai gindi ita ce mai tukunya. Wadda ta fara gini ita ke sa alamarta a ƙasa, inda ba a gani sai an kifa. Tawa zane uku ne na farce, ta Fuseina da'ira da ɗigo. Duk wadda ta taimaka bayan haka, ko wuya ta sa, ko baki, ko ado, aron hannu ta yi, kuma ba a ambatonsa. Ba a cewa ni na yi. Wadda ta faɗa ta zubar da mutuncin gidan da ya koya mata. Haka muka tashi, haka muka yi aure kusa da juna, Gwaggo ta rasu muka gaji filin gininta, katanga ɗaya tsakaninmu. Duk ranar gini, da hantsi, sai in ji muryarta da Hausarta ta Dagombawa wadda ba ta raba mace da namiji: "Yaya, randan ya kai wuya, zo ki sa mishi baki." Sai in ɗauki tsummana in zagaya.

Na tuna wasu manyan tukwane takwas da wata mai dafa giyar pito ta sa a gina mata, kowace yaro zai iya ɓuya a ciki. Fuseina ta karɓi aikin, ita ta ta da su cikin kwana goma sha biyu, ni na sa musu baki ina tsaye a kan turmi kifaffe kafin in sauko in zagaya. Muka tara su a fili, muka lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, muka sa wuta tun da asuba kafin iska ta tashi. Da suka yi ja muka jawo su da doguwar sanda muka yayyafa musu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, suna ta huci. Ko ɗaya ba ta tsage ba. Matar ta zo ta shafa bakunan ɗaya bayan ɗaya, ta rungume Fuseina, washegari ta aiko mata da zabo. Tare muka ci zabon. A lokacin wallahi ko a jikina.

Muguwar shekarar kuwa ita ce wadda muka je raminmu na Vittin muka tarar an kewaye shi da bulo, an rubuta wani abu da jan fenti. Gidaje sun iso. Muka koma haƙa a wani wuri da aka nuna mana, yumɓu mai kyau a ido, laushi kamar man kaɗe. Ashe da wasu fararen ƙwayoyi a ciki waɗanda yatsa ba ya ji. A wuta lafiya lau, sai bayan kwana uku ki ji tas, tas, jikin tukunya yana ɓantarewa shi kaɗai. Gashi uku a jere muka yi asara. Masu saye suka riƙa dawo da kaya, wasu suka koma roba ba su sake waiwayarmu ba. Mata shida ne a filin nan kafin wannan shekarar, bayanta muka rage mu biyu. Ni na zauna ina kuka a cikin tsingaro. Fuseina ce ta hau bayan moto, wato babur, ta bi ƙauyukan dangin uwarta, ta gaida wannan, ta durƙusa wa wancan, ta yi ta zuba har wani dattijo ya ba mu izinin haƙa a bayan gonarsa. Yumɓun da kuke zaune kusa da shi daga can yake. Bakinta ne ya samo mana shi, wannan ba zan ci mata ba.

To, sai Madam Azara. Takan zo sayen yumɓu don ɗalibanta, ran nan ta tsaya tana kallon wata randa da na gama, ta ce, "Mma Adiza, akwai wani abu suna ce mishi residansi. Za su ɗauke ki wata uku, su ba ki ɗaki, su ba ki abinci da yumɓu da murhun lantarki, ki yi gini kawai. In kin gama su nuna aikinki da sunanki a jiki. Ba ki biyan komai kuraa."

Na ce, "Da sunana?"

Ta ce, "Da sunanki, a rubuce, a bango."

Abu uku suke so: hoto goma na aikinki, takarda ɗaya a kan ko ke wace ce, da bidiyo na minti uku kina bayanin abin da kike yi. Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ku saurara. Na yi wata guda na gina randa goma, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, in kin ɗauki marfin wannan kin ɗora wa waccan zai zauna daram. Wuraren da wuta ta lasa suka yi baƙi na juya su baya don kada a gani. Madam ta zo da wayarta ta tsaya tana kallo, ta ce, "Mma, za su ce foto ɗaya muka aika sau goma."

Na ce, "To ai gwanintar ke nan! Wa ya iya haka a Tamale?"

Ta ɗaga wayar ta ɗauka. Da aka zo bidiyo ta saita ni a gaban randunan ta ce in fara. Na ce, "Sunana Adiza, ina gina tukwane, alhamdulillahi." Ta ce in ci gaba. Na ce na gama. Ta ce in faɗi abin da ya sa aikina ya fi na wasu. Na ji kamar ta ce in tuɓe a kasuwa. Mu an raine mu a kan yabon kai jahilci ne, tukunya ce ke magana, ba maginiya ba. Da ƙyar ta tatso minti ɗaya a bakina, rabinsa gaisuwa. Bayan wata huɗu amsa ta zo: sun gode, sun duba aikina da sha'awa, masu nema sun yi yawa. Wasiƙar ma ta fi ni iya magana.

Shekara ta zagayo muka sake. Ranar ɗaukar hoto na kira Fuseina ta riƙe mini farin zane a bayan tukwanen don kada kaji su fito a hoton. Ni na kira ta, da bakina. Muna gamawa Madam ta ce, "Mma Fuseina, ke ma ki gwada mana, ba a hana mutum biyu."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ni? Ni ko sukuu ban je ba, ban san boko ba. Me zan gaya ma Bature?"

Amma ta shiga gida ta kwaso abin da ke tsakar gidanta: tulun da wuta ta ƙone wa gefe, kaskon turare, tandar masa, mazubin ruwan zabbi mai ramuka, da wata tsohuwar randa da ta ƙi sayuwa don baƙin da ke cikinta ya yi yawa. Ni na riƙe mata zanen. Ina tsaye hannuwana a sama na ga Madam ta matsa kusa da randar nan, rana ta faɗo a kan bakin, ta ɗauke shi shi kaɗai, ya cika hoton. Na gani, bakin da ni na sa ne, na ci gaba da riƙe zanen. Me zan ce?

Da aka kunna mata bidiyo kuwa, sai ka ce an fasa madatsar ruwa. Ta yi Dagbanci, ta yi Hausa, ta yi Turancin kasuwa. Ta ba da labarin ramin Vittin da bulon da aka kewaye shi da shi, ta yi kukan tas-tas ɗin tukwane da bakinta, ta ce baƙin da ke jikin randa sa hannun wuta ne, wuta ma tana da nata rabon a aikin. Har kakarta ta sako a ciki, matar da na sani sarai man kaɗe take sayarwa, ba ta taɓa taɓa yumɓu ba. Ta share hawaye da gefen mayafi. Sai da Madam ta yanke fiye da rabi.

Ita suka ɗauka.

Madam ce ta karanta mana wasiƙar a ƙarƙashin bishiyar can, tana fassarawa. Sun ce labarinta ya taɓa su, amma abin da ya yanke musu shawara shi ne hoton bakin randar. Sun ce sun ga hannu mai natsuwa wanda ba ya rawa. Sun ce suna fata a ƙarshen zamanta za ta tsaya gaban ɗalibansu ta nuna musu yadda ake yin wannan bakin. Da Madam ta kai nan muryarta ta yi ƙasa, don ta sha ganina ina zagaya randunan Fuseina. Fuseina ta sunkuyar da kai. Ni na ce, "Barka, Allah ya sa alheri," haƙorana a haɗe.

Hassada na yi, ina faɗa muku da sunanta. Ba baƙin ciki ba, ba mamaki ba, hassada. Kwana uku tuwo bai wuce mini ba. In na ji dariyarta ta katanga sai in shige ɗaki. Matan unguwa suna ta shiga gidanta yi mata murna, wasu har su leƙo su ce mini, "Mma Adiza, ƙanwarki ya ɗaga kanmu paa!" In ce ƙwarai kuwa. A zuciyata ina cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na san abin da ake faɗa, hassada ga mai rabo taki ce, kuma da idona na ga takin yana aiki: fasfo ya fito ba wahala, biza ta fito, har wani ɗan'uwanta ya aiko mata da rigar sanyi.

Madam ta same ni ni kaɗai ta ce, "Mma, in kin yarda sai in rubuta musu in ce bakin naki ne. Gaskiya ne ai." Na kwana biyu ina juya maganar. In na yarda, wataƙila su fasa ɗaukarta, kuma ba lalle su ɗauke ni ba. Abin da yake lalle shi ne unguwa za ta ce 'yar gidan Barira ta ari hannu ta dawo tana karɓa. Na ce ta bari. Kada ku ɗauka kirki ne, kunya ce kawai ta fi hassadar ƙarfi da kaɗan.

Saura mako uku ta tafi, sai ga Fuseina da sassafe, ta durƙusa a bakin rumfata, abin da rabonta da yi tun Gwaggo na da rai. Ta ce, "Yaya, ki koya mini baki. Za su tsayar da ni gaban mutane. In ban iya ba na mutu."

Na ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Fuseina. Shekara nawa kina kirana?"

Ta ce, "Na sani. Ki taimake ni saboda Allah."

Na ce ta kawo tsumma. Kullum da safe ta ta da wuya, in tsaya a kanta, ta zagaya, ya karkace, mu yanke mu sake. To ga abin da ban gaya muku ba ɗazu. A wajen yin baki, hannu ba ya aiki. Gwiwar hannu a manne take da haƙarƙari, yatsu a riƙe kamar sun mutu, ƙafafu ne ke yin bakin. Taku daidai, numfashi daidai, hannu yana bin jiki kawai. Gwaggo ba ta taɓa faɗa mini ba, jikina ne ya ɗauka, ni kaina na daɗe kafin in gane abin da nake yi. Ita kuwa Fuseina hannunta ne ke bin leɓen, yana gyara nan yana gyara can, gwiwarta a sama kamar fiffiken kaza. Tun ranar farko na ga matsalar. Magana ɗaya ce, in ce manna gwiwarki. Ban faɗa ba. Mako uku ina ce mata, "Ƙara jiƙa tsumman." Ta jiƙa, ta jiƙa, har yumɓu ya riƙa zuba mata a ƙafa. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce in yi mata addu'a. Na yi, amma Allah ya san rabin bakin da na yi ta da shi.

Wata ukun nan Madam ba ta bar ni na huta ba, duk mako sai ta kawo mini hotuna a waya. Ga Fuseina cikin rigar sanyi kamar buhun gawayi. Ga ta a wani ɗaki fari fat, tebura a jere. Ga yumɓunsu a cikin leda, tatacce, babu tsakuwa ko ɗaya, wanda da a ce da shi na fara da ban ɓata shekara biyu ba. Ina kallo ina jiran ranar da za a ce ta ji kunya. Wannan ma gaskiya ce, ku rubuta in kuna rubutu.

A cikin watannin aka sake buɗe fom, na cika na uku. Wannan karon na koyi darasi. Na kawo tukwane iri-iri, na juyo baƙin wuta gaba, na sa Madam ta ɗauki baki shi kaɗai har hoto uku. A bidiyo na yi magana minti huɗu, na yabi kaina har na ji ina bukatar wanka. Amsa ta zo saura kwana kaɗan Fuseina ta dawo. Sun ce aikina yana da kyau ƙwarai, sai dai ya yi kama sosai da na wata maginiya daga garinmu wadda ke wurinsu yanzu, musamman wajen baki, su kuma suna neman abin da ba su gani ba tukuna. Na sa Madam ta karanta sau biyu. Wato ni ce na kwaikwayi Fuseina. Na yi dariya har Madam ta tsorata ta ɗebo mini ruwa.

Ta dawo ta yi haske, ta kawo mini wani man shafawa na ciwon yatsu, kuma abin haushin yana aiki. Da mutane suka ragu na tambaye ta yadda ta ƙare da ɗaliban, ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Yaya, can tukunyan ne yana juya, a kan wani faifai, mutum yana zaune. Ranan farko na bi shi da hannu, laka ya watse mini a fuska, kowa yana dariya. Sai wani tsohon mata ya zo ya kama gwiwan hannuna, ya danne shi nan a haƙarƙarina, ya ce kar ki motsa. Nan take na gani. Hannu ba shi tafiya." Ta ɗago ta dube ni. "Na sauka daga injin, na ta da randa a ƙasa irin namu, na zagaya. Ya fito."

Na ce, "Ashe?"

Ta ci gaba da kallona kaɗan, sannan ta ce, "Ashe." Ba ta ƙara ba, har yau.

Ranar gini ta farko bayan dawowarta, da hantsi, na jiƙa tsummana na naɗe a yatsu na zauna. Ban ma san na yi ba, jiki ne ya saba. Ina jin bugun katakonta, ina jin lokacin da ta kai kafaɗa, ina jin lokacin da ta kai wuya. Sai shiru. Sai jan ƙafa a ƙasa, da baya-baya, sau uku. Tsumman ya bushe a hannuna. Na ɗauka tafiyarta ce ta fi ci mini rai, ashe akwai wadda ta fi.

Watan jiya muka yi gashi tare kamar kullum, muka jera kayan a ƙarƙashin bishiya, nawa da nata a haɗe. Sai ga Hajiya Memuna daga Jisonayili, wata dattijuwa da ta daɗe tana sayen randa a wurina, don ita ta ce ruwan firji ba shi da ɗanɗano. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu take saye. Ta bi layin tana ƙwanƙwasa ciki tana shafa baki, ta wuce nawa biyu, ta tsaya a kan wata. Ta zagaya ta da yatsa a hankali, ta yi murmushi.

"Adiza, wannan hannunki ne. Ko a duhu aka miƙo mini na san shi. A garin nan kaf babu mai baki irin naki, kuma wannan ya fi duk wanda kika taɓa yi mini. Gobe zan aiko a ɗauka."

Ta Fuseina ce, tun daga gindi har baki. Alamar tana ƙasa, ba mai gani. Fuseina na tsaye taku uku daga wurin, da tsintsiya a hannu. Abin da na shekara uku ina cika fom don in ji ke nan, ga shi an faɗa mini a gaban mutane. Na buɗe baki in ce ba tawa ba ce. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Hajiya."

Da ta tafi, Fuseina ta jingine tsintsiyar ta matso. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Yaya, ya yi daɗi?"

Na kau da kai.

Ta ce, "Ni tun muna yara nake cin yabon da ba nawa ba. Can ma sun sa foton bakin da kika sa ma randana a bango, babba, da sunana a ƙasa, suka tafa mini hannu, na tashi na yi godiya. Ko sau ɗaya bai wuce mini nan ba." Ta taɓa maƙogwaronta.

Na sa yatsa a bakin randar na zagaya da kaina, ina neman inda ta tsaya, ko inda ta yi gaggawa. Sau biyu na zagaya. Babu.

Na ce, "Babu daɗi."

Ta ce, "To." Ta sunkuya ta kama gefe ɗaya na randar, ta jira har na kama ɗayan, muka shigar da ita inuwa.